Lambar Alwyn da Gobarar Yarrabin

Tun da Alwyn Tregear ya ajiye alli ya bar koyar da lissafi, babu abin da ya ɗauke masa hankali kamar farautar lambobi. Shi da matarsa Glenys sun bar Bairnsdale sun koma Yarrabin, can cikin tuddai, inda itatuwan turare suka kewaye gida ta ko'ina, hanyar fita kuma guda ɗaya ce tak. A bayan gidan akwai wani ɗakin kwano da a da ake ajiye kayan noma. Nan Alwyn ya jera tsofaffin kwamfutocinsa, suna ta ƙugi ba hutu.

Abin da yake nema shi ne irin lambobin nan da ba sa rabuwa, waɗanda babu abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu, kamar bakwai ko goma sha uku. Gagararru yake ce musu. Ƙananan cikinsu kowane ɗan makaranta ya san su, manyan ne ke ɓuya. Akwai mutane irinsa a ƙasashe da dama da suka haɗa ƙungiya, ana ba kowa tasa lambar ya gwada, kuma kusan kullum amsar ɗaya ce: wannan tana rabuwa, a wuce gaba. Glenys kan ce wa baƙi, "Maigidan ya yi ritaya ya koma kiwon injina. Ba nono, ba ƙwai, sai zafi da ƙara."

A farkon watan Janairu, wanda a can shi ne tsakiyar bazara, ɗaya daga cikin kwamfutocin ta ba da amsar da bai taɓa gani ba. Lambar da aka ba shi ta ƙi rabuwa. Ba ƙaramar lamba ba ce, alƙalumanta sun haura miliyan biyu, in da za a buga ta a takarda sai ta cika littafi mai kauri. Alwyn ya daɗe zaune yana kallon allon. Ya san tsohuwar kwamfuta kan yi kuskure, musamman a irin wannan zafi, don haka ya ɗora lambar a kan wata dabam don ta sake gwadawa tun daga farko. Bai gaya wa kowa ba, har Glenys. So yake ya tabbata tukuna.

Ranar da gwajin na biyu zai ƙare, iskar arewa ta tashi tun da hantsi, mai zafi kamar an buɗe bakin tanda. An daɗe ana jin labarin wuta na ci a bayan tuddan yamma, amma nesa take, hayaƙinta kawai ake gani. Da safen nan wayoyinsu suka yi ƙara tare, saƙon hukuma ya shigo: duk mai niyyar fita, ya fita yanzu.

Glenys ta riga ta loda mota. Hotuna, magunguna, barguna biyu na ulu, da gwangwanin biskit. Ita ba ta tuƙi tun da yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ga kuma ciwon fuka da take fama da shi tun ƙuruciya. Ta tsaya a ƙofar ɗakin kwanon riƙe da jakarta.

"Alwyn, tashi mu tafi."

"Kaɗan ya rage," ya ce, bai juyo ba.

"Kaɗan ya rage a yi me?"

"Wani aiki ne. Ki shiga ki sha shayi, kafin ki gama na gama."

"Shayi? A wannan zafin? Ka leƙo waje ka ga sama, tsoho."

Ya leƙa. Sama ta yi launin ƙasa-ƙasa, rana ta zama ja kamar ƙwayar tumatir, har mutum na iya kallonta ido da ido. Amma ya ce a ransa wutar na bayan tudu, tsakaninsu da ita akwai rafi da titin kwalta. Ya koma kujerarsa.

Ba a jima ba a-kori-kurar maƙwabcinsu Stavros Kallis ta tsaya a ƙofar gida. Stavros makiyayin shanu ne, kuma yana cikin 'yan sa kai masu kashe gobara. Ya sauko cikin rigarsa mai ruwan ɗorawa, fuskarsa duk toka.

"Kai, Malam Lissafi! Har yanzu kuna nan? So kuke a gasa ku kamar tsiran alade?"

"Yanzu za mu tashi," in ji Alwyn.

"Yanzun nan nake nufi, ba yanzun malamai ba. Wutar ta tsallake rafi. In iska ta juya, ko ni ba zan iya shigowa nan ba." Ya dubi Glenys. "Uwargida, shigo in sauke ki a filin ƙwallo, can kowa ya taru. Shi ya biyo mu in ya gama soyayya da injinansa."

Glenys ta dubi mijinta, ta girgiza kai. "In na tafi na bar shi, ba zai fito ba sai an zo an share tokarsa. Je ka, Stavros, muna bayanka."

Stavros ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, ya faɗi wata kalma da yaren iyayensa, ya ja mota.

Alwyn ya koma ɗakin kwano da niyyar kashe komai. Amma da ya dubi allon, sai ya ga ɗan layin da ke nuna ci gaban aikin ya kusa taɓa ƙarshe. Ya ce bari ya ɗan tsaya. Ya tsaya. Kwanon rufin ya fara wata ƙara, tas, tas, kamar farkon ruwan sama. Har ya ji sanyi a ransa, ya ɗauka ruwa ne. Da ya leƙa sai ya ga ɓawon itace ne da ganyaye, baƙi ƙirin, wasu da jan wuta a bakinsu, suna faɗowa daga sama.

Daga nan wutar lantarki ta ɗauke. Ƙugin kwamfutocin ya mutu lokaci guda, allon ya yi baƙi. Cikin shirun da ya biyo baya ne ya ji wata ƙara da ƙugin ya ɓoye masa tun ɗazu, can daga yamma, kamar manyan motoci masu yawa suna hawan tudu.

"Alwyn!"

Ya fito da gudu irin na mai shekara saba'in da wani abu. Glenys na tsaye jikin mota, hannunta a ƙirji. Ciyawar gefen shinge ta riga ta kama a wurare biyu.

"Na ce kaɗan..." ya fara.

"Rufe min baki ka tuƙa."

Kafin su kai ƙarshen layinsu gari ya yi duhu. Tsakar rana ce, amma sai da ya kunna fitilun mota, su ma ba sa nuna komai sai hayaƙi. Ya manna fuskarsa kusa da gilashi yana bin farin layin gefen titi. Wani kangaru, dabbar dajin nan mai tsalle, ya gifta a guje, bayansa na hayaƙi. Garwashi na ta dukan gilashin. A gefen Alwyn numfashin Glenys ya fara fito, siririn fito irin wanda ya sani, wanda yakan kai su asibiti.

Suna shan kwanar gada ya taka birki da ƙarfi. Wani ƙaton itacen turare ya faɗo ya gindaya titin daga wannan gefe zuwa wancan, yana ci bal-bal. Ta bayansa kuwa, duk inda ido ya kai, ja ne. Itatuwa na kamawa daga sama, kan wannan ya ba kan wancan, tun kafin wutar ƙasa ta iso.

Hannuwansa suka ƙi motsi a kan sitiyari. Bai taɓa sanin tsoro na iya zaunar da mutum haka ba. Yana kallon wutar, yana ji a ransa cewa shi ne ya kawo matar nan wurin nan, da hannunsa, saboda wani ɗan layi a kan allo.

Glenys ta kai masa duka a cinya. "Baya! Tafkin Stavros!"

Nan ya farfaɗo. Stavros na da wani tafki da ya haƙa wa shanunsa, a tsakiyar filin da suka cinye ciyawarsa ƙarƙaf saboda fari. Alwyn ya juya motar, tayar baya ta faɗa kwata ta fito. Bai tsaya buɗe ƙofar shingen ba, ya bi ta kanta, waya ta kankare jikin motar da ƙara. Suka yi ta tsalle a kan busasshiyar ƙasa har fitilun suka haska ruwa, da idanun shanu da suka riga su shiga.

Ya fizgo bargunan, ya kama hannun Glenys, suka kutsa. Ruwan ɗumi ne, ƙasansa taɓo mai kama ƙafa, takalminsa ɗaya ya tafi. Suka shiga har ruwa ya kai musu ƙirji, ya jiƙa bargunan ya lulluɓe kawunansu. Shanun na ta kuka suna turereniya a gefensu.

A ƙarƙashin bargon ya ji fiton ƙirjinta ya ƙaru. Tana jan iska, iskar ba ta shiga.

"Ina maganin shaƙarki?"

Ta ɗaga yatsa ta nuna wajen mota. Jakar na can a kan kujera.

Ya ɗaga gefen bargon ya duba. Motar na bakin tafkin, ba nisa, amma itatuwan da ke iyakar filin sun riga sun kama, iska na kwaso garwashi tana watsawa a kwance kamar ana jifa. Komai na jikinsa ya ce kada ya fita. Ya dubi Glenys, ya ga leɓɓanta sun fara canza launi.

"Riƙe bargon nan. Kada ki ɗaga, ko me kika ji."

Ya fita da rarrafe, ɗaya bargon a bayansa. Zafin ya buge shi kamar an mare shi da faranti. Ya ji gashin hannunsa na ƙonewa, ya ji ƙaurinsa. Da ya kama marfin ƙofar motar, ƙarfen ya manne wa tafinsa, ya yi ihun da shi kansa bai ji ba saboda rugugin wutar. Ya fizgo jakar, ya juyo, sai ya rasa inda ruwan yake. Hayaƙi ta ko'ina, ba gabas ba yamma. Ya durƙusa yana lalube da hannu ɗaya, yana kiran sunanta. Kukan shanun ne ya nuna masa hanya. Ya bi shi har gwiwarsa ta taɓa taɓo.

Ya same ta inda ya bar ta. Ya zazzage jakar a ƙarƙashin bargon, tabarau da makullai suka nutse, ya cafke maganin ya kai mata baki. Ta shaƙa, ta sake shaƙa. Fiton bai tafi ba, amma iskar ta fara shiga.

Sannan wutar ta iso sosai.

Ƙarar ta wuce duk abin da ya taɓa ji. Ta cikin zaren bargon komai ya zama ja. Ulun ya bushe a kansu nan da nan, sai su nutsa su jiƙa shi su ɗago, ya sake bushewa. Wani abu ya fashe a bakin tafkin, ya san tayar motarsu ce, sai wata ta bi. Glenys ta ƙanƙame rigarsa, ya ji tana haki da sauri-sauri, irin hakin firgita da ke rufe ƙirjin mai fuka gaba ɗaya.

Ta kawo bakinta kunnensa. "Yi magana."

"Me zan ce?"

"Abin da... ya tsayar da mu. Gaya min... ko mene ne. In zan mutu... in san dalili."

Kunya da tsoro suka kama shi. Amma ya ga idonta na kansa, ba kan jan hasken ba, don haka ya fara.

"Lamba ce. Na samu wadda ba ta rabuwa. Ina jin na samu."

"Babba?"

"Babba ƙwarai. Ki ɗauki biyu ki yi ta ninkawa, biyu, huɗu, takwas, sha shida, haka har sau miliyoyi. Abin da kika samu ki ninka shi sau ashirin da bakwai. Sai ki ƙara ɗaya. Nutsa!"

Suka nutsa, suka ɗago. Ya ci gaba.

"Wannan ɗayan da aka ƙara shi ne dukan sirrin. Shi ya sa ta zama mara, ba cika ba. Ki raba ta da biyu, ɗaya zai rage. Ki raba da uku, ɗaya zai rage. Da tara ma haka. Ja numfashi, Glen, a hankali. Da bakwai take ƙarewa, don haka biyar ma ba ta da hanya."

"Sau miliyan... nawa?"

Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya tarar babu. Adadin da ya yi ta maimaitawa a ransa ko yana wanka, ko yana cin abinci, ya ɓace sarai. Ya lalubi kansa ya ji wayam, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Wani sabon tsoro ya kama shi, ya ɗauka hayaƙin ya fara cin ƙwaƙwalwarsa, mutuwar ke nan ta fara daga sama.

"Na manta," ya ce. "Glen, na manta!"

"To bar shi. Sai me kuma?"

"Sai... in har gagararriya ce da gaske, to tana cikin dangin goma sha uku. Kin ga sha uku, huɗu ce da tara. Biyu sau biyu, da uku sau uku. Ita ma akwai wasu lambobi biyu da in an ninka kowacce da kanta aka haɗa, ita za su bayar. Hanya ɗaya tak, babu ta biyu. Ba wanda ya taɓa ganinsu, amma suna nan."

"Kuma wuta... za ta ƙone ta?"

"A'a. Lamba ba ta ƙonewa."

"To don ubanka," in ji Glenys, wadda bai taɓa jin ta yi zagi ba tun aurensu, "me muka tsaya gadi?"

Ya jiƙa bargon ya sake rufe ta, ya riƙe kanta a kafaɗarsa, ya ci gaba da surutu. Ya ba ta labarin lambobin da in an tara duk masu raba su, ban da su kansu, sai su dawo su cif, kamar shida. Ya ba ta na tagwayen gagararru, irin sha ɗaya da sha uku, da ba wanda ya san ko suna da iyaka. Bai san ko tana ji ba. Shi dai yana jin ƙirjinta na tashi yana sauka a jikinsa, kuma ya ƙudura ba zai yi shiru ba muddin yana tashi.

A hankali ƙarar ta yi gabas. Jan hasken ya koma toka-toka. Da ya ɗaga bargon, filin ya zama baƙi, turakun shinge na ci kamar kyandirori, motarsu ta zauna a kan ƙarafunanta. Wata saniya na kwance a bakin ruwa ba ta motsi. Ba su fito ba, don ƙasar ba ta takuwa. Suna nan tsaye cikin taɓo, sanyi ya fara kama su duk da zafin, har suka ji jiniya.

Stavros ne ya fara dirowa daga motar 'yan kwana-kwana. Shanunsa ya zo dubawa, bai san da mutane ba. Da ya ga kawuna biyu a tsakiyar tafkin sai ya tsaya cak, sannan ya faɗa ruwan da takalmansa.

"Na je filin ƙwallo na duba kowace mota," yake faɗa yana kuka, yana ɗauke da Glenys kamar jaririya. "Kowace mota, Malam! Kai dai Allah ya shirye ka."

An kwantar da Glenys a asibiti a Bairnsdale, da robar iska a hanci. An naɗe wa Alwyn hannun dama har wuyan hannu. Gidansu da ɗakin kwanon ba abin da ya rage sai bututun murhu da tankin ruwa. 'Yarsu Bronwyn ta taso daga Melbourne, ta rungume shi a barandar asibitin, sannan ta ja da baya ta dube shi.

"Stavros ya gaya min komai, Baba. Ba zan ce komai ba yanzu. Amma zan ce."

Likita ya ce Glenys za ta tashi, sai dai huhunta ba zai koma kamar da ba. Hawan bene da aikin lambu sun ƙare mata. Alwyn ya saurara, ya gyaɗa kai, ya fita ya zauna a kan benci ya daɗe.

Bayan an sallame ta suka tare a gidan Bronwyn. A nan ne, da ya buɗe saƙonninsa a wayar 'yar, ya tarar mutanen ƙungiyar na ta nemansa. Kwamfutarsa ta farko ta aika musu da amsarta da kanta tun ranar da ta samo ta, kamar yadda aka tsara, shi ma ya san haka take yi. Wata mata a Finland da wani mutum a Chile sun sake gwadawa. Lambar gagararriya ce, an kuma rubuta sunansa a gefenta. Ya karanta adadin da ya ɓace masa a cikin tafki, ya gane shi kamar fuskar tsohon maƙwabci. Ya miƙa wa Bronwyn wayarta.

Da yamma ya tura Glenys a keken marasa lafiya zuwa baranda. Ya gaya mata, don ya gaji da ɓoye mata abubuwa. Tana kallon titi, tana jan numfashi a hankali kamar yadda aka koya mata.

"To, barka," ta ce. "Ka ji daɗi?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ban san ko na yafe maka ba. Sai mun gani." Ta gyara robar hancinta. "Bronwyn ta ce Stavros na neman masu taya shi kafa shinge ranar Asabar. Hannu ɗaya gare ka, amma za ka iya riƙe masa turke."

"Zan je."

"Za ka je mana. Juya ni, rana na dukan idona."

Ya kama keken da hannun hagu, ya tokare da ƙugunsa, ya juya ta wajen inuwa.